Ayabar kanti da zafin Sakkwato: yadda nake saye, yadda nake ajiya

Wata Asabar cikin watan Afrilu na shiga wani babban kanti, irin mai sanyin nan da ake tura keken sayayya, na ɗauko nonon ayaba guda, rawaya sumul, ba tabo ko ɗaya. Na jefa a leda, na hau Keke Napep zuwa unguwar Mabera. Ranar Litinin da safe na zo sa wa yara a jakar makaranta, sai na tarar bawon ya yi duhu, cikin ya yi ruwa, ƙananan ƙudaje sun yi mata dandazo. Inna, uwar maigidana, ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta ce, "Ɗiyata, wagga ai tun ga kanti ta mace. Mi kinka gani gare ta?"

Kyau na gani, kuma shi ya cuce ni.

Yawancin ayabar da muke ci a nan daga kudu ake ɗoro ta a mota. Ɗanya ake saro ta, ta sha gwatso da matsi a hanya, sannan a nunar da ita. Wadda ta shiga kanti sai ta zauna cikin sanyin na'ura, alhali ayaba ba ta shiri da sanyi: idan ya yi ƙasa da digiri 13 bawonta yakan lalace, launin ya dushe ya koma toka-toka. Daga nan ki fito da ita cikin ranar da ta haura digiri 40. Yaushe za ta kai labari?

To, ga yadda nake yi yanzu. Kafin in duba launi, wuyan ayabar nake fara dubawa, wurin da ta haɗu da 'yan'uwanta. In ya yi baƙi, ko ya yi laushi, ko akwai farin fumfuna a kai, na bar ta ko da kyauta ce. Sai in juya nonon in ga ƙasansa, don nan ne tabon matsi yake ɓuya. Sannan in shaƙa. Ayabar da ta nuna da kanta tana da ƙamshi tun daga bawo.

Launi kam yana yaudara. Babbar ayabar nan ta kanti, wadda ake kira Kabendish, idan ta nuna cikin zafi sosai takan yi laushi alhali bawon na nan kore-kore. Saboda haka a bazara kada ki zauna jiran ta yi rawaya, taɓa ta a hankali da babban yatsa. Akwai kuma wadda za ki ga rawaya tas, amma cikin da tauri, ba zaƙi, sai ɗan bauri a harshe. Irin wannan ina zargin an tilasta mata nuna ne. Wasu kan yi amfani da kabaid, sinadarin nan na masu walda, kuma hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kansa saboda yana ɗauke da guba. Ni dai in na ci karo da irinta, ba na komawa wurin.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rage yawa. Ta kwana biyu kawai nake saye: rabi wadda za a ci yau, rabi mai sauran kore. Wajen mai tebur na bakin titinmu wannan ba wahala, sai in ce, "Malam, ɓallo mini huɗu nan, huɗu can." A kanti kuwa wani lokaci an riga an naɗe ta a leda, sai ki ɗauka duka ko ki bari.

Da isa gida, fitar da ita daga leda nan take. Ayaba tana fitar da wata iska mai suna etilin, ita ke sa ta nuna, leda kuma tana tare iskar da zafi wuri guda. Saboda wannan iskar ce ba na haɗa ta kwando ɗaya da mangwaro ko tumatir. Nakan ɗaure kan nonon da 'yar leda ƙarama, wannan yana ɗan rage gudun nunar, ba sosai ba, sannan in rataye shi da igiya a ɗakin da muke ajiye randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Wadda ta fara tabo a cire ta daga cikin sauran, a ba yara.

Firij sai ga wadda ta gama nuna. Bawon zai yi baƙi, amma cikin zai ƙara kwana ɗaya ko biyu, in wuta ta yarda. Ɗanya in ta shiga firij ba ta ƙara nuna yadda ya kamata.

Wadda ta yi laushi da yawa amma ba ta yi tsami ba, ba na zubarwa. Nakan murje ta cikin ƙullun fanke in rage sukari, ko in dama ta da kindirmo. Inna da ta yi mini dariya ranar nan, yanzu ita ke tambaya ko akwai ayabar da ta mace, a yi mata fanke.