Zafin inji a tsohuwar mota: kurakuran da na gaji da gani

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin Garwa, a arewacin Kamaru, yake haura digiri 40, ba a rasa tsohuwar Carina ko Corolla da za a turo gareji tana huci, mai ita yana cewa, "Malam, a canza mata lagireto." Shi ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Ni kuwa kafin in ɗauki sifana tambaya ɗaya nake yi: yaushe take zafin? Yawanci sai mutum ya yi shiru, don bai taɓa lura ba, alhali amsar ita ce rabin aikin.

In allurar awon zafin inji tana hawa a cunkoson kasuwa, amma da ka kama kwalta iska ta buga sai ta sauko, to fanka za ka tuhuma: fiyus, waya, ko na'urar da take tayar da ita. In kuwa cikin gari lafiya lau, sai a doguwar tafiya ko a hawa take tafasa, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. In kullum da safe sai ka ƙara ruwa, yoyo ne, nemo inda yake.

Amma me ake yi a maimakon haka? A cire tamostat a jefar. Wai ai don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan ba ma bukata. Wannan maganar ta kashe injuna da yawa. Tamostat ƙofa ce da take buɗewa idan ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88, gwargwadon motar. A injuna da yawa, idan ya buɗe yana kuma rufe wata gajeriyar hanya da ruwa yake bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Ka cire shi, ka bar wannan hanyar a buɗe, wani ruwan ya dinga dawowa da zafinsa. Sannan da asubahin hunturu injin ba zai ɗumama da wuri ba, ya yi ta shan mai yana cin kansa. Gwajinsa kuwa ko sisi ba ya ci. Ni tukunya nake ɗorawa a wuta, in jefa shi ciki, in tsaya ina kallo. In ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa ƙalau, mayar da shi. In ya ƙi, sayi wani. Ramin dai kada a bar shi fanko.

Kuskure na biyu shi ne wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina da Hilux da take ɗaukar kaya tsakanin Garwa da Ngaundere. A hawan dutsen nan da ake yi kafin a shiga Ngaundere allura ta kai ja. Direban ya tsaya, ya kashe mota, ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto nan take. Ruwan ya yi tsiri ya sale masa hannu har gwiwa. Bai daddara ba, ya sa yaron mota ya juye jarkar ruwan sanyi a cikin injin da yake ƙuna. Kan injin ya tsage. Abin da ya fara da tiyo ɗaya da ya huje ya ƙare da sayen kan inji, ga jinyar hannu, ga kayan mutane sun kwana a hanya. Haba jama'a! Ƙarfen da ya yi zafi haka, ka sheƙa masa ruwan sanyi, me kake jira ya yi? Ka faka, ka ɗaga bonet, ka nemi inuwa ka zauna aƙalla rabin awa. Sai ka iya matse babban tiyon sama da hannu ka ji ya yi laushi, sannan ka kusanci murfi. Ruwan ma a hankali ake zubawa, inji yana aiki.

Shi kansa murfin nan an raina shi. Shi yake riƙe matsin da yake hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Robarsa ta tsage, ko an toshe bakin da leda da tsumma, mota za ta tafasa ko komai nata lafiya. Shi nake fara dubawa don ya fi komai araha.

Ruwan rijiya da na rafi suna barin tsatsa da farin dutse a cikin siraran hanyoyin lagireto. Ni ruwan sanyaya inji na kanti nake sa wa, in babu, ruwan sama da na tara a tsabtataccen bokiti. Masu fasa ƙwai ko zuba garin taba don toshe yoyo, ku sani ba ramin kaɗai yake toshewa ba. Ƙurar hunturu da ɓurɓushin auduga suna like fuskar lagireto, a wanke daga baya zuwa gaba. Fankar da aka yi wa haɗin kai tsaye, sau da yawa an juya wayoyinta tana hura iska waje. Sa takarda a gaban lagireto, in bai zuƙe ta ba an yi kuskure. Fambel ya saki, a ɗaure. Kuma in allura ta kai ja sai ta faɗo da kanta ba dalili, kada ka yi murna, mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare har ba abin da za ta auna.

Akwai kuma masu gaggawar cewa gaskit, wato shimfiɗar da take tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, a buɗe inji. Ba a buɗewa da zato. Da safe, inji da sanyi, cire murfi, cika ruwa, ka tayar. In kumfa tana ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, salansa na fitar da farin hayaƙi ko bayan mota ta ɗumama, ko ka zaro sandar awon baƙin mai ka gan shi kamar shayi da madara, to shi ne. A nan ma kada a sa sabon gaskit sai an kai kan injin an auna ko ya lanƙwashe, an kuma gano abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma ƙonewa zai yi.