Ga ƙannenmu na Zariya masu tafiya Alƙahira: ku gyara Larabcin laftof ɗinku tun kuna gida

Duk shekara sai an samu yaranmu sun sauka Alƙahira da laftof ɗin da aka saya a Sabon Gari ko aka karɓa hannun wani yaya a Samaru, an zuba mata Ubuntu ko Linux Mint saboda tsohuwa ce Windows na yi mata nauyi, kuma ba wanda ya taɓa gwada rubuta ko bismillah a cikinta. Sai dakta ya ba da bahasi, wato rubutun bincike, sannan a fara kiran mutane cikin dare. To tunda ina Zariya hutu kuma na ga wasunku na ta haɗa kaya, ku ji.

Sa haruffan Larabci, wato font, ba wani aiki ba ne. Ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta sudo apt update, in ta gama ka rubuta sudo apt install fonts-hosny-amiri fonts-sil-scheherazade fonts-noto-core, za ta tambayi fasuwod ɗinka, ba za ka ga komai na fitowa ba lokacin da kake bugawa, haka take, ba lalacewa ta yi ba. Ka rufe LibreOffice ka sake buɗewa, in ba su fito ba ka buga fc-cache -f. In kana son ganin abin da ke ciki na Larabci, fc-list :lang=ar zai jero maka. Kibod kuma a saitin za ka ƙara Larabci, a Ubuntu maɓallin nan mai tambarin Windows da sifes ke juya harshe. Shi ke nan. Ka yi shi a nan inda kake da layinka da datarka, don makon farko can kana fama da neman ɗaki da dillalai da layin iƙama, wato takardar izinin zama, ba za ka samu kanka ba.

Cikin haruffan nan, Amiri shi nake so ka riƙe. Wani Bamisre ne, Khaled Hosny, ya zana shi a kan salon haruffan maɗaba'ar Bulaƙ ta can Alƙahira, shi ya sa in ka buga shafi da shi sai ka ga kamar tsohon littafin da muka biya a zaure, wasulla na zama daidai, ba sa hawa kan juna. Mu da muka tashi da Warshu akwai namu ma, fonts-sil-harmattan da fonts-sil-alkalami, na biyun ma rubutun Kano aka kwaikwaya. Ka sa su don ajami da wasiƙar Baba, amma don Allah kar ka miƙa wa dakta bahasi da Alkalami, kallon da zai maka ya ishe ka.

A LibreOffice sai ka shiga saitin harsuna ka kunna Complex Text Layout ka zaɓi Larabci, in ba haka ba maɓallin juya rubutu daga dama zuwa hagu ba zai ma fito ba, aya da baka su riƙa tsalle zuwa wancan gefen layi, kai kuma kana zaton aljanu ne.

Yanzu ga inda ake kuka. Da yawan malamai can Traditional Arabic ko Simplified Arabic suke cewa a yi bahasi da shi, kuma waɗannan na Microsoft ne, babu su a rumbun Ubuntu. Kar wani gwani ya ce maka ttf-mscorefonts-installer zai kawo su, Arial da Times New Roman da 'yan'uwansu kawai ke ciki. To kai ka rubuta da Amiri, ka ajiye a docx, ka zuba a filash ka kai shagon buga takardu, shi mai shago Word ne gare shi a Windows kuma ba shi da Amiri, sai kwamfutarsa ta musanya da abin da ta ga dama ba tare da ta gaya wa kowa ba. Shafi 40 ya koma 33, hamishi, wato bayanin ƙasan shafi, ya bar shafinsa ya koma na gaba, fihirisa ta daina dacewa da lambobin shafi, baitocin waƙa da ka sha wahala ka jera gida biyu su cakuɗe. Na tsaya a wani shago da wani yaro ɗan Tudun Wada ranar ƙarshen miƙa aiki, an riga an buga an ɗaure da bango, yana buɗewa ya ga kan babi na biyu a gindin shafi shi kaɗai, mai shago ko a jikinsa, ya ce shi abin da aka ba shi ya buga, a biya shi kuɗinsa. Kuma gaskiyarsa ce. Yaron nan a gida ya sauke Iziyya da Risala, Larabcinsa ya fi na wasu 'yan ƙasar tsabta, don mu Zazzagawa a fagen nahawu ba a kai mu baya, amma ga shi ya tsaya zuru saboda fayil.

Maganin bai da wuya, ku ne ba kwa ji. Duk abin da za a buga ka fitar da shi PDF daga LibreOffice, don PDF na tafiya da haruffansa a ciki, ka buɗe shi a wayarka ka duba shafi-shafi kafin ka fita daga ɗaki. In mushrif, wato malamin da ke duba bahasinka, ya nace sai docx don ya yi gyara, ka shiga Properties na fayil ɗin ka kunna inda ake cusa haruffa a ciki, ka haɗa masa da PDF ɗin ma. Tun ranar farko kuma ka tambaye shi, ya dakta, Amiri ya yi? Wasu za su ce ba damuwa in dai ana karantawa. Wanda ya kafe kan Traditional Arabic kar ka ja da shi, ka gama rubutunka a Linux, ka ware yini guda ka zauna gaban kwamfuta mai Windows ta ɗan'uwa ka daidaita shafukan a can, ka fitar da PDF ɗin daga can ɗin.

Mai laftof a hannu ya same ni bayan La'asar kafin hutu ya ƙare, ya zo da ita da caji a cike don wutar unguwarmu ba abin dogaro ba ce.