Yadda ake dafa miyar kabewa mai ɗanɗanon Japan ba tare da nama ko madarar dabba ba

A ƙasar Japan lokacin kaka yana kamawa daga watan Satumba zuwa Nuwamba, kuma mutanen ƙasar suna yi masa kirari da shokuyoku no aki, wato kakar marmarin abinci, domin a nan ne sabuwar shinkafa da dankali da laimar kwaɗi suke cika kasuwa. A wannan lokaci ne kuma kabewarsu, wadda suke kira kabocha, take kai matuƙar zaƙinta. Kabocha ƙaramar kabewa ce mai koren ɓawo mai duhu, cikinta ruwan ƙwai ne, namanta yana da gari kamar na dankalin Hausa kuma ba ta da yawan ruwa. Jiragen ruwan 'yan Fotugal ne suka fara kai kabewa Japan a ƙarni na 16, kuma daga sunan ƙasar Kambodiya, inda aka ɗauka daga can ta fito, aka samo kalmar kabocha. A yau tsibirin Hokkaido da ke arewa ya fi kowane yanki na ƙasar noma ta.

Miyar da za a bayyana a nan markaɗaɗɗiya ce mai santsi, ana shan ta da cokali, ba a cin tuwo da ita. Asalin salon na Faransa ne, kuma a gidajen Japan yawanci da man shanu da madarar shanu ake yin ta. Mu kuwa za mu ajiye su duka biyu, mu ɗauko romon da ake amfani da shi a girkin wuraren ibadar mabiya addinin Buda, girkin da ake kira shojin ryori, wanda ɗaruruwan shekaru ke nan ba a sa masa nama ko kifi. A ganina wannan romo shi ne miyar gaba ɗaya. Wanda ya ba shi lokacinsa ba zai ji rashin nama ba, wanda kuma ya yi masa gaggawa zai tashi da faten kabewa mai zaƙi kawai.

Domin mutum huɗu ana buƙatar kabewa giram 800 kafin a fere, da albasa matsakaiciya guda 1, da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, da mai marar ƙamshi cokali 2 manya. Domin romo ana buƙatar ruwa lita 1, da busasshiyar ciyawar teku da ake kira kombu giram 10, da busasshiyar laimar kwaɗi nau'in shiitake guda 4. A ƙarshe za a nemi farin miso, wato curin waken suya mai gishiri da ya ɗan yi kama da daddawa, cokali 2 manya, da madarar waken suya marar sukari mililita 200, da baƙin ruwan waken suya da Japanawa suke kira shoyu ƙaramin cokali 1, sai gishiri, da riɗi, da man riɗi, da lawashin albasa.

Romo tukuna

Romon nan sunansa dashi, kuma ya fi kyau a fara shi tun daren jiya. A goge kombu da tsumma mai ɗan danshi domin cire yashi, amma kada a wanke shi, domin farar hodar da ke jikinsa ba datti ba ce, wani nau'in zaƙi ne da yake fitowa daga cikinsa yayin bushewa. A ɗauraye shiitake sau ɗaya, a zuba su tare da kombu a cikin ruwan sanyi lita 1, a rufe, a sa a firiji su kwana. Idan babu halin haka, a jiƙa su na awa 2 aƙalla, ko da yake shiitake ta fi sakin daɗinta a ruwan sanyi cikin dogon lokaci fiye da a ruwan zafi cikin gaggawa.

Washegari a juye komai a tukunya, a ɗora a kan wuta ƙasa-ƙasa, a tsaya a kai. Da zarar ƙananan kumfa sun fara taruwa a gindin tukunya da gefenta, kafin ruwan ya tafasa, a tsame kombu. Wannan mataki ba abin wasa ba ne, domin idan kombu ya tafasa yakan saki yauƙi da ɗaci, romon ya yi duhu, ƙamshinsa ya koma na bakin teku. Bayan an cire shi, a bar shiitake ta ci gaba da dahuwa na minti 10, ana kwashe kumfar da ta taso, sannan a tace romon da tsumma mai tsabta ko rariya mai laushi. A matse shiitake a ajiye ta gefe, domin tana da sauran aiki.

Akwai dalilin da ya sa aka haɗa waɗannan abubuwa biyu. A shekarar 1908 wani masanin kimiyya a Jami'ar Tokyo mai suna Kikunae Ikeda ya gano cewa sinadarin gulutamet da ke cikin kombu shi ne yake ba romo wannan ɗanɗano mai gamsarwa, ya kuma raɗa masa suna umami. Daga bincikensa ne aka fara sayar da Ajinomoto a 1909, wato abin da muke kira farin magi a kasuwanninmu. Ita kuwa busasshiyar shiitake tana ɗauke da wani sinadari dabam mai suna guwanilet, kuma idan su biyun suka haɗu a harshe ɗanɗanon yakan ninku fiye da yadda kowannensu zai bayar shi kaɗai. Saboda haka wanda ya rasa kombu zai iya yin romon da shiitake kawai, ya ƙara ɗan farin magi abin da bai wuce a ɗauka da yatsa biyu ba. Ba zai sami ƙamshin teku ba, amma ginshiƙin ɗanɗanon yana nan.

Kabewa da wuta

A zaɓi kabewar da ta yi nauyi a hannu, wadda kututturen kanta ya bushe ya yi kamar icce. Busasshen kututture alama ce ta cewa an ajiye ta makonni bayan girbi, kuma a cikin wannan ajiya ne garin da ke cikinta yake juyewa ya zama sukari. Ɓawon kabocha yana da tauri ƙwarai, don haka a ɗora ta a kan katako mai faɗi, a soka wuƙa mai nauyi kusa da kututturen, a danna ƙasa da hannu biyu, yatsu nesa da kaifi. A kwashe 'ya'yan da zaren cikin da cokali, a yanka ta gunduwa-gunduwa kamar girman ƙwan kaza. Ana cin ɓawonta, amma a wannan miya a fere shi, domin korensa yana dusashe launin ruwan ƙwai da ake nema.

Wanda kabewar gida ce a hannunsa, irin wadda ake miyar taushe da ita, ya sani cewa ta fi kabocha ruwa kuma ba ta kai ta gari ba. Maganin wannan shi ne gashi. A shafa wa gunduwoyin mai cokali 1 da ɗan gishiri, a baza su a faranti ba tare da sun hau kan juna ba, a gasa a oben mai zafin digiri 200 na minti 30 zuwa 35, har gefensu ya yi ja. Gashin yana ƙone ruwan da ya yi yawa, ya tattara zaƙin wuri ɗaya. Idan babu oben, a soya su sama-sama a kasko mai kauri har su yi launi, kuma a haɗa da ƙaramin dankalin Hausa guda 1 domin ya ba miyar jiki. Ita kabocha ta ainihi ba lallai ne a gasa ta ba, ko da yake ni na fi son ta a gashe.

A yanka albasa siriri, a zuba sauran mai a tukunya mai kaurin gindi, a sa albasar da ɗan gishiri, a rage wuta. Abin da ake so shi ne ta yi laushi ta yi zaƙi a cikin minti 10 zuwa 12 ba tare da ta yi ja ba, domin soyayyar albasa irin ta miyar dage-dage za ta danne ƙamshin romon da aka kwana ana haɗawa. A goga rabin cittar a zuba, a juya na minti 1, sannan a sa kabewar, a zuba romo mililita 700, a riƙe sauran. A rufe a bar ta tana dahuwa a hankali na minti 15 idan gasasshiya ce, ko minti 20 zuwa 25 idan ɗanya ce, har cokali ya ratsa ta ba tare da an danna ba.

A sauke, a bari ta ɗan huce, sannan a markaɗa a bilenda kashi biyu ko uku. Kada a cika bilenda da abu mai zafi fiye da rabi, kuma a danne murfin da tsumma, domin tururi yana iya ɗaga shi ya watsa wa mutum miya a fuska. Wanda ba shi da bilenda ya dama da muciya ko bayan ludayi, ya tace ta rariya, kuma santsin da zai samu ta wannan hanya ba zai gaza na inji ba.

Miso da madara

Miso curin waken suya ne da aka dafa, aka haɗa da gishiri da shinkafa ko sha'ir mai ɗauke da wata ƙwayar halitta da ake kira koji, aka ajiye ya ruɓa cikin tsari na makonni ko watanni, wani ma har shekaru. Bahaushe da ya san daddawa ba zai yi mamakin wannan hikima ba, sai dai ita daddawa ta fi ƙarfin wari, shi kuwa miso ya fi gishiri da laushin ƙamshi. Farin miso, irin wanda birnin Kyoto ya shahara da shi, bai daɗe a ajiye ba, yana da zaƙi, kuma shi ya fi dacewa da kabewa. Jan miso ya fi gishiri da kaifi, don haka idan shi aka samu a sa rabin adadin. Baƙin miso na Hatcho, wanda ake yi a garin Okazaki, ya fi ƙarfin wannan miya. Daddawar waken suya kaɗan za ta iya cike gurbi idan miso ya gagara, miyar kuma za ta yi daɗi, amma ƙamshinta zai karkata zuwa gida, ba zuwa Japan ba.

A karanta abin da aka rubuta a jikin kwali kafin a saya. Wasu nau'o'in miso an riga an haɗa su da romon kifi, wanda hakan ya fitar da su daga girkin tsiro zalla, wasu kuma ana ƙara musu barasa domin su daɗe ba su kumbura ba. Haka nan girke-girken Japan da yawa suna sa mirin da sake, waɗanda dukansu giyar shinkafa ce. An bar su a nan da gangan, kuma miyar ba ta rasa komai ba, domin zaƙin da mirin yake bayarwa kabewa da albasa sun riga sun kawo shi.

A mayar da markaɗen tukunya a kan wuta mafi ƙanƙanta, a zuba madarar waken suya ana juyawa. Daga nan har a sauke, kada miyar ta sake tafasa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yin awara ya san cewa madarar waken suya tana tsinkewa idan zafi mai yawa ya haɗu da gishiri ko tsami, kuma miyar da madararta ta tsinke ba ta komawa santsi. Shi ma miso ƙamshinsa yana tashi ya bi iska idan ya tafasa. A ɗebi miya ludayi 1 a kwano, a dama miso a ciki har ya narke babu gudaji, a kashe wuta, sannan a juye a tukunya. A sa shoyu, a goga sauran cittar a matse ruwanta a ciki, a ɗanɗana. Sai yanzu ne za a ƙara gishiri idan da buƙata, domin miso da shoyu duk gishiri ne. Idan ta yi kauri da yawa a sassauta ta da sauran romon, har ta zama tana lulluɓe bayan cokali amma tana zuba ba tare da an girgiza ba.

Shiitake ɗin da aka ajiye a cire mata ƙafa mai tauri, a yanka ta siriri, a soya a ɗan man riɗi da ɗigon shoyu har gefenta ya yi ƙayau. A soya riɗi cokali 1 a busasshen kasko har ya fara tsalle, a ɗan murza shi a turmi domin ƙamshin ya fito. A zuba miya a kwanuka masu ɗumi, a ɗora shiitake a tsakiya, a barbaɗa riɗi da yankakken lawashi, a ɗiga man riɗi ɗigo uku ko huɗu kawai, domin yana da ƙarfi. Mai son yaji ya barbaɗa shichimi, wato garin yajin Japan mai haɗi bakwai da ya ƙunshi barkono da riɗi da busasshen ɓawon lemo, ko kuma garin barkono kaɗan da gogaggen ɓawon lemon zaƙi. Idan ana so ta zama cikakken abincin dare, a haɗa ta da farar shinkafa da soyayyar awara.

Abin da ya rage yana kwana 3 a firiji cikin mazubi mai murfi, kuma idan za a ɗumama a yi shi a kan ƙaramar wuta ana juyawa, a sauke da zarar tururi ya fara tashi. Wanda yake son ya dafa da yawa domin ya daskarar, ya raba rabon firiza tun a matakin markaɗe, kafin a sa madara da miso, ya ƙara su sabo a ranar da za a sha.