Shawara ga masu yaran shago a wani gari

'Yan uwa 'yan kasuwa na arewacin Kamaru, in kana Garwa yaranka suna Marwa ko Kusuri, daina riƙe komai a hannunka. Yanka wa kowa iyaka. Abin da bai wuce sefa 50,000 ba, kuɗin mota ne, na 'yan dako ne ko rangwame ga mai saye, ya yi da kansa, kada ya kira ka. Ai kun san halin layin wayarmu, kafin a same ka mai saye ya tsallaka gadar Kusuri ya koma Injamena.

Da magariba yaron ya turo saƙon murya ɗaya a WhatsApp, haɗe da hoton rasit ɗin Orange Money, wato tura kuɗi ta waya. In ya yi kuskure, gyara masa ku biyu, ban da gaban sauran. Lissafinsa ya fita daidai wata uku, sai ka ɗaga masa iyakar.