Yadda shugaban makaranta zai haɗa zauren abokan aiki da zai canza abin da ke faruwa a aji

Ranar da aka ba malami shugabancin makaranta, ranar yake rasa abokan shawara. Waɗanda jiya suke zaune tare a ɗakin malamai ana kukan ajin da ya gagara, yau shi ne mai sa hannu a takardar hutunsu, shi ne mai rubuta rahoto a kansu, don haka da ya shigo sai hira ta canza. Na sama da shi kuwa ba sa zuwa sai da littafin bincike a hannu. Sai ka ga sabon shugaba ya bi hanyar da kowa ke bi: duk bitar da aka kira yana can, yana karɓar lambobin waya, an saka shi a zaurukan WhatsApp masu ɗaruruwan mutane. Shekara ta zagayo, satifiket sun cika fayil, amma yadda ake koyar da lissafi a makarantarsa yana nan yadda ya same shi. Na sha ganin haka, kuma masu ƙwazon ne abin ya fi ci.

Tun a shekarun 1980 wasu masu bincike a Amurka, Bruce Joyce da Beverly Showers, suka nuna cewa a cikin malaman da suka saurari sabon salon koyarwa a wurin bita, har suka ga an gwada a gabansu, kaɗan ne ke kai shi aji. Abin da ke sa salon ya zauna shi ne abokin aiki ya biyo malami ajinsa, ya gani da idonsa, su zauna su tattauna. Irin waɗannan abokan nake so ka haɗa wa kanka, ga kuma yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: ka zaɓi matsala guda

Kafin ka kira kowa, ka rubuta matsala ɗaya a jimla ɗaya. “Ina so in inganta karatu” ba matsala ba ce, buri ne. Matsala ita ce: “Ɗalibanmu suna karanta shafi da baki, amma in an tambaye su abin da ya ce sai su yi shiru.” Ko kuma: “A yawancin azuzuwa yara biyar na gaba ne ke amsa duk tambayoyi.” Sharaɗina shi ne ta zama abin da baƙo zai iya gani in ya zauna a aji minti ashirin. Ƙarancin kujeru da jinkirin albashi matsaloli ne na gaske, amma zauren da ya fara da su ba ya fita daga cikinsu. Kowane zama sai ya koma zaman makoki.

Mataki na biyu: mutanen

Huɗu zuwa shida. In sun wuce haka ba za ku taɓa samun ranar da ta yi wa kowa daidai ba.

Kada ka cika zauren da aminanka. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari mai amfani, irin na gurbin aiki, ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda saninsu bai yi zurfi ba, domin aminai duk abin da suka sani kai ma ka riga ka sani. Haka yake a nan. Abokinka da kuka yi kwaleji tare, irin tunaninku ɗaya, kuma zai ji nauyin gaya maka abin da ya gani. Ka nemi shugabar makarantar da kuka taɓa gaisawa sau biyu a wurin taro, wadda ka ji ta yi tambaya mai ma'ana. Waɗancan lambobin da ka tara, yanzu ne za su yi rana.

Mutum biyu ba sa shiga: wanda ke da hannu a ƙarin girmanka, da wanda kai ke da hannu a nasa. In sufeto yana zaune, kowa makarantarsa lafiya lau take. Sannan ni ban yarda da zauren da babu malamin aji ko ɗaya a ciki ba. Shugabanni suna saurin manta yadda awa ta ƙarshe take a aji mai cunkoso, gogaggiyar malama guda daga wata makaranta za ta riƙa dawo da ku ƙasa.

Wajen gayyata, ka bar dogon saƙo mai cewa a zo a haɗa kai don ciyar da ilimi gaba. Ka kira, ka ce: “Malama, ina da matsala kaza a makarantata. Ina roƙon ki zo ki zauna a azuzuwa uku ki gaya mini abin da kika gani, ni ma zan zo taki.” Kai za ka fara buɗe ƙofarka. Wanda ya ce a fara da makarantar wani, an gane shi.

Mataki na uku: zaman farko

Awa ɗaya ta isa. Ku amince cewa abin da aka gani a makarantar wani ba ya fita daga zaure, ba a ɗaukar hoton malami ko ɗalibi, ba a rubuta sunan malami a takarda. Ku sa ranakun ziyara na zangon karatu gaba ɗaya tun a wannan zama, kowa ya shigar a jadawalinsa. Kada ku zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, kada ku tsara tsarin mulki. Zauruka da yawa a nan suke mutuwa, an gama rabon muƙamai ba a shiga aji ko ɗaya ba. Batun kuɗi kuma, ban da na mota babu abin da za ku kashe: ba hayar ɗakin taro, ba alawus. Duk wanda ya fara tambayar alawus, ku rabu lafiya tun da wuri.

Mataki na huɗu: ziyarar aji

A nan ne kusan duk sababbi suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai.

Salon da nake bi ya samo asali daga aikin Richard Elmore da abokansa a Jami'ar Harvard, waɗanda suka bayyana shi a 2009. Daga likitoci suka aro shi, yadda suke zagayen gadajen marasa lafiya tare, kowa ya faɗi alamomin da ya gani kafin a yi maganar magani. Masu ziyara suna shiga aji biyu-biyu ko uku-uku, su yi kamar minti ashirin, su wuce na gaba. Azuzuwa uku ko huɗu a safiya ɗaya.

Kafin ranar, mai masaukin baƙi ya tara malamansa ya gaya musu gaskiya: ga waɗanda za su zo, ga matsalar da za a duba, babu maki, babu rahoto. In ya ɓoye, malamai za su ɗauka bincike ne, kuma za ku tarar da darasin da aka yi wa kwalliya, wanda aka riga aka koyar jiya, yara suna ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Kun yi asarar safiya.

Da kun shiga, abu ɗaya ne aikinku: rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji. Kamar da sauƙi. Amma shugaban makaranta ya saba da yanke hukunci, aikinsa ke nan kullum, hannunsa da kansa zai rubuta “malamin ya iya aji” ko “darasin ba armashi” ko “ɗalibai ba su mai da hankali ba”. Duk waɗannan hukunci ne, kuma ba wanda zai iya yin komai da su. Ka kwatanta da wannan: “Malam ya yi tambaya goma sha biyu. Goma amsarsu kalma ɗaya ce. Yara huɗu ne suka amsa duka, uku a layin gaba. A layin baya yara shida suna kwafe abin da ke allo, na tambayi ɗaya me ake nema a aikin, ta ce a rubuta.” Wannan ba ya zagin kowa, ba ya yabon kowa, kuma duk wanda ya karanta zai ga ajin kamar yana ciki. Gani ya kori ji.

Dabarar da ke taimakawa: duk lokacin da ka rubuta kalma irin “kyau”, “rauni”, “ƙoƙari”, ka tsaya ka tambayi kanka, me na gani da ya sa na faɗi haka? Sai ka soke kalmar ka rubuta abin da ka gani ɗin.

Abu na biyu, ka cire idonka daga kan malami. Sababbi suna zama a baya suna kallon allo kamar su ma ɗalibai ne, su fito suna maganar muryar malam da rubutunsa. Ka zauna a gefe inda za ka ga fuskokin yara. Ka leƙa littattafansu. In an ba su aiki, ka durƙusa kusa da ɗaya ka tambaya a hankali: me kake yi, in ka maƙale wa za ka tambaya, ta yaya za ka san ka yi daidai? Malaman Japan, waɗanda tun ƙarshen ƙarni na 19 suke da al'adar tsara darasi guda tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, a kan wannan suka fi ƙarfi: mai kallo yakan bi yara ƙalilan daga farkon darasi zuwa ƙarshe, yana rubuta inda tunaninsu ya juya da inda ya tsaya.

In kana neman abin da za ka ƙirga a ziyarar farko, ka ƙirga shirun da ke bayan tambaya. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. In jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi suna tsawo, yaran da ke magana suna ƙaruwa. Agogon wayarka ya ishe ka auna wannan, kuma kusan kowane malami mamaki yake in ya ji adadin nasa.

Kada ka gyara wa malami a gaban ɗalibai, ko da ya yi kuskure a allo. Kada ka karɓi alli. Kada ku yi raɗa a tsakaninku. Kuma in kun fito baranda, a yi shiru har a kai ɗakin tattaunawa, domin maganar baranda tana riga ku komawa ɗakin malamai, kuma daga ranar an rufe muku ƙofa ko da an ci gaba da yi muku murmushi.

Mataki na biyar: tattaunawa

A ranar za a yi ta, kada a ɗaga. Kowa ya zaɓi abubuwa biyar zuwa takwas daga rubutunsa waɗanda suka shafi matsalar da mai masauki ya kawo, ya karanta. Ku naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kawai shi ne, da ya ji hukunci, ya ce “me ka gani?” Za a ji haushinsa a zaman farko. Bayan nan ku nemi abin da ya maimaitu a azuzuwa, domin makaranta kuka zo dubawa, ba malam wane ba. Sai ku yi wa kanku tambayar da na fi ganin amfaninta: yaron da ya yi duk abin da aka ce ya yi yau, bai ƙi ko ɗaya ba, me zai iya yi gobe shi kaɗai? Sau da yawa amsar ita ce zai iya kwafe rubutu daga allo, kuma ɗakin yakan yi tsit in an faɗe ta.

Shawara a ƙarshe take zuwa, kuma kada ta wuce biyu. Mai masauki ya saurara, ya rubuta, kada ya kare kansa. In ya fara “ai abin da ya sa”, a tuna masa cewa zagaye na gaba shi ne baƙo.

Mataki na shida: sauran

Cikin mako guda ka zauna da malamanka ka karanta musu abin da aka gani, ba suna, ku zaɓi abu ɗaya da za a gwada makonni shida. In suka ga ba a ci mutuncin kowa ba, su ma za su yarda su riƙa shiga ajin juna, abin da ya fi ziyarar baƙi sauƙi tunda ba tafiya. Ka ajiye littafi guda na zauren: kwanan wata, matsala, abin da aka gani, abin da aka gwada. Ranar da za ka nemi ƙarin girma ko gurbin karatu, wannan littafin ya fi tarin satifiket magana.

Bita da manyan taruka ka ci gaba da zuwa, amma ka je da tambayarka a rubuce, ka dawo da mutum ɗaya da za ka kira cikin kwana uku. Zauren WhatsApp naku na mutum shida ne, na sa rana da tura takardu, a hana tura gaisuwar safiya da bidiyo. Kwasa-kwasan intanet na kyauta suna da yawa, ku ɗauki ɗaya tare in ya dace da matsalarku, domin wanda ya ɗauka shi kaɗai ba kasafai yake gamawa ba. In wani ya rasa ziyara biyu a jere ba uzuri, a maye gurbinsa. Bayan shekara ku raba zauren gida biyu, kowane ɓangare ya ɗauko sababbin shugabanni biyu ko uku, a fara musu da koyon rubuta abin da suka gani.