Darasi na 7: Idan Makullin Babur Ya Ƙi Juyawa

Makullin babur ƙarfe ne mai laushi, yawanci na tagulla. Da yatsu biyu aka yi shi a murɗa. Duk ranar da ka ji sai ka sa ƙarfin hannu gaba ɗaya, to dakata, akwai abin da ya tokare a ciki.

A cikin gidan makulli akwai wasu 'yan ƙarafa siri-siri a jere, kowanne da ɗan sifirin da ke tura shi. Idan ka zura makulli, haƙoransa ne ke daidaita su, sai bututun ciki ya samu hanyar juyawa. Ko ɗaya daga cikinsu ya ƙi zama daidai, ba za ka ga motsi ba.

Fara duba wuya

Sau da yawa ba lalacewa ba ce. Idan ka kulle wuyan babur, wato ka kai makulli kan LOCK, wani guntun ƙarfe ne ke fitowa ya shiga jikin babur ya hana kan babur juyawa. In wani ya jingina da babur ɗin, ko aka tura shi, ko tayar gaba ta tokari dutse, sai nauyi ya danne wannan ƙarfe ya kasa komawa.

Ka kama kan babur da hannu ɗaya, ka riƙa girgiza shi hagu da dama a hankali, ɗaya hannun yana murɗa makulli. Za ka ji wani wuri da ya yi sako-sako. A nan zai buɗe. Wasu babura kuma sai an ɗan danna makulli ciki kafin ya wuce tsakanin LOCK da OFF. Wanda ya ari babur bai san haka ba, sai ya yi ta kokawa a banza.

Ƙura da tsatsa

A yawancin babura, ramin makulli sama yake kallo, don haka ruwan sama da ruwan wanki da ƙura duk ciki suke sauka. Alamar datti ita ce makulli ya riƙa shiga da ƙyar, ko ka zaro shi ka ga baƙin dauɗa a haƙoransa.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata abin da hannunsu. Sai ka ga an ɗiga baƙin mai ko an cusa giris. Ranar farko zai yi santsi, mai babur ya ji daɗi. Daga baya man ya kama ƙura, su cakuɗe su zama laka, 'yan sifirin nan su kasa ɗagowa. Abin da ya fi dacewa shi ne garin da ake yin bakin fensir da shi. Ka goga bakin fensir a haƙoran makulli gaba da baya har su yi baƙi, ka zura, ka zare, ka sake gogawa. In tsatsa ce ta kama, ka fesa man cire tsatsa irin WD-40 kaɗan, ka bar shi ya jiƙa kamar minti 10, sannan ka yi ta sa makulli kana zarewa kana goge shi da tsumma har ya daina fitowa da datti. Sai ya bushe kafin ka sa garin fensir.

Ko makullin ne ya gaji?

Haƙora suna cinyewa da yawan amfani. Tarin makullan gida da ake rataya wa na babur ma suna jijjiga shi a cikin rami duk tsawon tafiya, su ci shi, su ci gidan. Gwada na ajiya. In shi ya buɗe, ka kai wa mai yanka makulli na ajiyar ya kwafa. In ya kwafi tsohon, sabon ma da ciwon zai fito.

Kada ka kama makulli da filaya, kada ka buga sukudireba a ramin. In ya riga ya karye a ciki, kar ka tura guntun da ragowar, kar kuma ka sa gam don ka manno shi. Gam zai daskarar da komai. A gwada hantsaki ko siririn bakin zarto. In ya ƙi, sai bakanike.

Shi ma cire gidan makulli aikin bakanike ne, domin a babura da yawa da gangan aka ɗaure shi da noti mai kan da ke gutsurewa wajen ɗaurewa, don ɓarayi. Wasu manyan babura kuma akwai 'yar na'ura a kan makullinsu, irin tsarin HISS na Honda. Waɗannan, ko sabon yanka ya juya, inji ba zai tashi ba sai an haɗa makullin da kwamfutar babur.

In makulli ya kai ON amma fitila ba ta kama ba, wannan wata matsala ce daban. Duba batir da fiyus da wayoyi.

Aikin yi

Ɗora makullinka a kan tebur, ka duba ko ya kwanta sambal ko ya lanƙwashe. Jera shi da na ajiya, ka rubuta a littafinka bambancin da ka gani a haƙoransu.