Kiɗa daban, rawa daban: kurakuran da ke hana 'yan kallo gane wasanku

Na daɗe ina taya makarantu a cikin garin Bauchi shirya yara don ranar al'adu, wani lokaci kuma a zaunar da ni cikin alƙalan gasa. Abin da na fi gani shi ne wasa mai kyau a ido amma bebe. Yara sun sha ado, sun yi tsalle har gumi ya karyo, an tafa musu, amma ka tambayi na kusa da kai me suka nuna, sai ya ce, "Rawa dai." Alhali rawarmu magana ce. Ganga na faɗa, jiki na amsawa, ɗan kallo na fassarawa.

Bari in fara da nawa kuskuren. A wata makaranta da ke wajen Yalwa na shirya rawar manoma: yara maza goma, kowa da fartanya da malafa. Mai kalangu na samu, shi na ɗauko, na ce masa ya ba mu kiɗa mai zafi. Da aka tashi, wani dattijo, kakan ɗaya daga cikin yaran, ya yafito ni. Na je na durƙusa. Ya ce, "Malam, manoman nan naka nama suke sayarwa?" Na ce, "Baba, ban gane ba." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai kiɗan fawa aka yi musu tun farko har ƙarshe."

Wannan shi ne uban kurakurai: ɗora rawa kan kiɗan da ba nata ba. A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da abin kiɗanta. Manoma gangar noma, maƙera dundufa, maharba garaya, mahauta da 'yan dambe kalangu. Kotso da taushi na makaɗan fada ne. Da kotso aka san Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da taushi aka san Jankiɗi. Tambari da kakaki kuwa na sarki ne, shi ya sa in aka busa kakaki ga yaron da ya fito a matsayin ango, manya sai su kalli juna. Ba ina cewa kalangu bai da hurumi a wani wuri ba. Da shi Mamman Shata ya yi wa kowa waƙa har ya rasu a 1999, da shi kuma 'yan mata ke rawa a dandali. Amma a bakin kalangu ɗaya akwai kiɗan fawa, akwai na dambe, akwai na 'yan mata, kuma kunnen da ya saba yana rarrabewa tun bugun farko. Gyaran ba wuya: ka faɗa wa makaɗi abin da kake son nunawa, ba zafin da kake so ba. In ba a samu gangar da ta dace ba, a sauya rawar ta bi abin da ke hannu.

Na biyu ya fi zurfi, kuma masu horarwa da yawa ba su ma san suna yin sa ba. Suna koya wa yara ƙirga: ɗaya, biyu, uku, juya. Yaro na ƙirga a zuci, kunnensa ya toshe. Hausa harshe ne mai hawa da sauka a murya, kalangu kuma abin da yake kwaikwayo ke nan. Makaɗi na riƙe da shi a hammata, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka, sai ka ji kalma ta fito. Abin da ake kira take ke nan, wato sunan mutum ko na ƙungiya a bakin ganga. Je ka gidan dambe ka gani. Ɗan dambe na zaune kamar ba shi, ana kaɗa takensa sai tsuma ta kama shi, ya miƙe ya ɗaga hannu yana kirari. Babu wanda ya ƙirga masa komai. Ji ya yi an kira shi, 'yan kallo ma sun ji, shi ya sa wuri ke ɗaukar sowa.

Abin da nake yi yanzu shi ne, ranar farko ba a rawa. Yara su zauna a ƙasa, makaɗi ya buga, sannan ya faɗa da baki abin da gangar ta ce, su maimaita har ya zauna musu. Washegari in aka tashi taku, za ka ga ƙafa na sauka inda kalma ta sauka, ba inda lissafi ya kai ba.

Wannan ya kawo mu ga kiɗan waya da lasifika. Na san kuɗin makaɗi na da nauyi, kuma filashi ba ya neman abinci. Sai dai makaɗi mai rai idonsa na kan ƙafar mai rawa. In yarinya ta makara, ya jira ta. In ta yi abin burgewa, ya ƙara mata wuta. Na'ura ba ta san an yi ba, kuma ranar da aka ɗauke wuta wasa ya mutu a tsaye. In za a ɗauko makaɗi, a ɗauko shi tun wajen gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai jiki da fuska. An saba ce wa yara "ku yi murmushi," sai ka ga maharbi na sanɗar nama yana washe baki. Maharbi duƙawa yake, yana taku a hankali, ido a gaba. Ɗan tauri fuskarsa a murtuke take. Manomi a wurin gayya bayansa a sunkuye yake, kuma fartanya na cin ƙasa daidai da saukar gula, wato sandar kiɗa, a kan ganga. In yara suna kaɗa ta a iska kamar masu korar ƙuda, noma ya tafi, saura sanda. Kafin a koya wa yaron birni rawar noma, a ba shi fartanya ya yi kunya ɗaya a bayan aji. Kafaɗarsa za ta koya masa abin da baki bai iya ba.

Tsayuwa ma magana ce. Gaɗa a da'ira ake yin ta, ana tafi, ɗaya ta fito ta taka, ta koma ta faɗa da baya ƙawayenta su cafe ta. Daɗin abin yana cikin wannan faɗuwa, don ta yarda ba za su bari ta kai ƙasa ba. To sai a jera 'yan mata layi ɗaya kamar masu fareti, wai don manyan baƙi su ga fuskokinsu. A buɗe da'irar ta ɓangare ɗaya kawai, kowa zai gani.

Akwai wanda ke ɓata min rai ƙwarai. Jihar Bauchi ba Hausawa kaɗai ba ne: ga Zaar a Tafawa Ɓalewa da Ɓogoro, ga Jarawa a Dass, ga Gerawa, Warjawa da Fulani, a Gombe ga Tangale, Tera, Waja da Tula. Kowa da takunsa da kayan kiɗansa. Amma sai a shafa wa yara gawayi, a ɗaura musu ganye, a ce "rawar ƙabilu." Ta wace ƙabila? Iyayen da ke zaune cikin taron sun san ba tasu ba ce, kuma cin fuska suke ɗaukar abin. A aji ɗaya ba za a rasa ɗan wannan yanki ba. A roƙi uwarsa ko kakarsa ta zo ta nuna. Haka in ba a san abin yi ba sai a koma ga rawar koroso, wadda daga Kano ta yaɗu, har makarantu biyar su kawo ta a rana guda. A kuma yi hattara da kiɗan goge da garaya da aka ji ya yi daɗi aka ɗauko. Wasu daga ciki taken iskoki ne na bori, kuma akwai tsofaffi a wurin da za su gane.

Mai gabatarwa ya yi bayaninsa kafin a fara, sannan ya ajiye makirufo. Surutunsa na danne ganga. Masu liƙi su jira a kai ƙarshe, don mutum ɗaya da naira hamsin kan wargaza da'irar da aka yi mako uku ana gyarawa. Kuma a shirya da makaɗi bugun da zai zama alamar tsayawa, yadda ƙafa ashirin za su sauka tare da gula. Ba a bar yara suna waige-waige suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, mai guɗa ta rasa inda za ta rangaɗa.